Sabbin benayen tsakiyar Kaduna sun manta da inuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda fuskar tsakiyar Kaduna ke sauyawa. Tun da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ƙaddamar da shirin sabunta birane a 2019, an faɗaɗa tituna, an sake gina gadar sama ta Kawo, an gyara Dandalin Murtala, kuma duk mai adalci zai yarda cewa zirga-zirga ta yi sauƙi a wurare da dama.

Abin da ke damuna shi ne irin benayen da masu kuɗi ke ginawa a kan titin Ahmadu Bello da na Yakubu Gowon. Da yawansu gilashi ne daga sama har ƙasa, babu baranda, babu rumfa, babu ko bishiya ɗaya a ƙofa, sai ka ce mai zanen bai taɓa ɗanɗana ranar Maris a garin nan ba. Gilashi yana tara zafi, don haka dole mai shago ya wuni da na'urar sanyaya ɗaki, in an ɗauke wuta ya tayar da janareta, kuɗin man kuwa a kan mai saye yake ƙarewa. Tsofaffin kantunan da ake rushewa, duk da rashin ƙyalinsu, suna da baranda mai faɗi inda mai tafiya a ƙasa ke fakewa daga rana ko ruwan Agusta, kuma a ƙarƙashinta mai gyaran takalmi ke samun na cefane.

Kaduna ba garin da ya tashi kara zube ba ne. Da tsari aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, kuma a 1967 Baturen Ingila masanin tsara birane, Max Lock, ya fitar da cikakken tsarin birnin. Duk da haka, Otal ɗin Durbar da aka gina domin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC na 1977, an rushe shi a 2020, sai dai a hoto 'ya'yanmu za su gan shi.

Ina kira ga hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, da kada ta ba da izinin gina bene a tsakiyar gari sai an nuna mata baranda, wurin ajiye motoci da bishiyoyin da za a dasa. Majalisar jiha, wadda ita kanta a ginin tarihi na Lugard Hall take zama, ta yi dokar da za ta lissafa gine-ginen tarihi, ta hana a taɓa su ba tare da an ji ta bakin jama'a ba.

Naku,
Wani mazaunin Unguwar Rimi, Kaduna