Wasiƙa zuwa ga Yaya kan shirin nan na rawar yara

Pittsburgh, Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna? Ya Alhaji da yara? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na saurari saƙon muryarki a kan gajerun bidiyon da 'yan matanki ke kallo a waya, na matar nan mai makarantar rawa da ke daka wa yara tsawa har su fashe da kuka, iyayensu mata kuma suna cacar baki a bayan gilashi. Kin ce tunda ɗinkin kayan gasar rawa nake yi wa irin waɗannan makarantu, in faɗa miki ko da gaske haka Turawa ke yi wa 'ya'yansu. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Sunan shirin Dance Moms. Tashar Lifetime ce ta fara nuna shi a watan Yulin 2011, ya ci gaba har 2019. Matar sunanta Abby Lee Miller, makarantarta kuma a lokacin a nan gefen garinmu take, a Penn Hills, kafin ta buɗe wata a Los Angeles a 2015. Makarantar ta gaske ce, yaran na gaske ne, kuma sun iya rawa. Abin da aka shirya shi ne duk sauran. Irin wannan shiri ba a ba mutum takardar abin da zai faɗa ya haddace kamar a fim ɗin Kannywood. Furodusa yanayi yake shiryawa, ya zuba mutane a ciki, ya kunna kyamara, ya jira.

Ɗauki allon nan da ake jera hotunan yara a kai kamar dala, gwanar mako a sama, wadda ta gaza a ƙasa, ana yaye takarda ɗaya bayan ɗaya a gabansu. Ita kanta Abby ta sha faɗi cewa masu shirin ne suka kawo wannan dabara. Babu mai makarantar da ke son kasuwarta da za ta yi haka, don uwar da aka sa 'yarta a ƙasa sau biyu za ta janye ta, ta kai ta makarantar gaba, ta tafi da kuɗin wata. Amma ga talabijin allon nan riba ce: cikin minti biyar an samu wadda za ta yi kuka, wadda za a yi wa hassada, da uwar da za ta tashi tsaye. Haka ma ɗakin saman nan mai gilashi. Yawancin makarantu ba sa barin iyaye su zauna kallon darasi, sai dai a ware mako guda a zango, ko a sa talabijin a zaure. A shirin kuwa sai an zaunar da su sa'o'i a matse, kowace da makirfo a wuyan riga, furodusa ya ja ɗaya gefe ya ce mata ga abin da wance ta faɗa a kanki, je ki tambaye ta. Wadda ta yi shiru ba za a nuna ta ba, 'yarta ma ba za a nuna ta ba, kuma duk sun sa hannu a kwantiragin da fita daga cikinsa ba sauƙi.

Daga nan sai aikin masu tace hoto. Ana ɗaukar kwanaki ana naɗa, a fitar da minti arba'in da 'yan kai. Hirar nan da kike gani mutum yana zaune shi kaɗai yana magana, furodusa ne a bayan kyamara yake jefa tambaya, a ce kuma ya maimaita tambayar cikin amsarsa don a yanke muryar mai tambaya. Wani lokaci bayan makonni ake yin ta, a ce ya yi magana kamar yanzu abin ke faruwa. Sannan ana iya ɗinka jimla ɗaya daga maganganu uku, kamar yadda muke haɗa ƙyallaye mu fitar da riga. Ga yadda za ki gane: idan kina jin muryar mutum amma an kawar da hoto daga fuskarsa zuwa ƙofa ko bayan kan wani, kuma sautin ya ɗan canza a tsakiyar jimla, to akwai ɗinki a wurin. Fuskar yarinya a murtuke da aka nuna daidai lokacin da ake yabon ƙawarta, mai yiwuwa tun da safe aka ɗauke ta tana jin yunwa. Ki duba gashinta da rigarta, sau da yawa ba su dace da na hoton da ya gabata ba.

Babbar ƙaryar dai tana wajen lokaci, kuma ita ce ta fi ba mu dariya mu masu ɗinki. A shirin, kowane mako sabuwar rawa, sabbin kaya, sabuwar gasa. A zahiri ana zaɓen 'yan ƙungiya a ƙarshen bazara, a koya musu rawar tsakanin Agusta da Disamba, a yi ta gyara ta wata da watanni har hannuwa goma sha biyu su tashi a daƙiƙa ɗaya. Gasa na farawa wajen Janairu ko Fabrairu zuwa Mayu, ta ƙasa baki ɗaya kuma a Yuni ko Yuli. Yawancin makarantu gasa uku zuwa shida suke zuwa a shekara, da raye-rayen nan dai da aka yi ta maimaitawa. Kayan ma tun Oktoba ake auna yara, a bar ɗan sarari don za su ƙara tsawo kafin Maris. Riga ɗaya mai duwatsun ado takan ci duwatsu ɗaruruwa, ɗaya-ɗaya ake manna su da gam, gam ɗin kuma yana son kwana guda ya bushe. In aka yi gaggawa sai su riƙa zubewa a dandamali, mai biyowa ta taka ta zame. Madauri kuwa ana ɗinke shi ne da zare ninki biyu, ba a dogara da fil, kuma hula ko adon kai sai an kafe shi a gashi, don abu ya faɗi ana cikin rawa yana iya rage maki. Yaran shirin cikin kwana biyu ko uku suke koyon rawa su hau dandamali, ga makarantar boko, ga kyamara a kansu. Wannan wahalar tasu ta gaske ce, ba shiri ba.

Ita gasar kanta, in kin je, sai barci ya kama ki. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke shirya ta a zauren otal ko na makarantar sakandare, daga Juma'a zuwa Lahadi, tun sassafe har dare, rawa ɗaruruwa a jere. Rawar mutum ɗaya ba ta wuce minti 3. Alƙalai galibi uku ne, kowane yana da maki 100, yana kallo yana magana a makirfo, a naɗa gyararrakinsa a ba malama ta saurara da ɗalibanta daga baya. Ana raba yara ta shekaru, da matakin ƙwarewa, da nau'in rawa. In ƙungiya ce sai a haɗa shekarunsu a raba da yawansu. Nan ne wasu malamai ke wayo, su cusa ƙananan yara biyu don rukunin ya sauko ƙasa, shi ya sa kamfanoni da yawa suka sa dokar cewa ƙungiya ba za ta sauka fiye da mataki ɗaya ƙasa da babbar cikinta ba. Kuma kowa da lambarsa yake komawa gida. Maki kaza zinariya ne, sama da shi babbar zinariya, sama da shi filatinam, wasu har da lu'ulu'u. A gasa da yawa zinariya ita ce ta ƙasa, abin da baƙo ba zai taɓa ganewa ba in ya ga yarinya riƙe da ita tana hawaye. Dalili a fili yake, kamfani yana son makarantar ta dawo baɗi. Sai a ƙarshe ake kiran goma na farko, wannan ne kaɗai ainihin gasa, shi ne kuma kawai talabijin ke nunawa. Da shirin ya yi nisa ma, wasu gasannin don kyamara aka shirya su, da 'yan takara kaɗan. Kiɗan da kike ji a bidiyo wani lokaci ba shi aka taka a zauren ba, an musanya shi saboda kuɗin haƙƙin mallaka, shi ya sa za ki ga ƙafa da kiɗa ba su jitu ba.

Mai makarantar rawa ta gaske 'yar kasuwa ce da ke lissafin haya, inshora, albashin malamai, lasisin kiɗa da kuɗin daɓe. Daɓen nan ba ƙaramin abu ba ne: katako ne a kan soso ko roba don ya riƙa lotsawa, a shimfiɗa masa leda ta musamman. Yaron da ke tsalle a kan siminti shekara guda, ƙwaurinsa da gwiwarsa ne za su biya. Abin da ke riƙe makarantar ba 'yan gasa ba ne, ɗimbin ƙananan yaran nan ne masu zuwa awa guda a mako su yi wasan ƙarshen shekara. Don haka lallashin iyaye ya fi tsawa yawa a aikinta. Ban ce babu masu zafin rai da son kai ba, akwai su. Kuma abin da ya fi damuna, a nan ba a buƙatar lasisin koyarwa kafin mutum ya buɗe makarantar rawa. Duk mai kuɗin haya zai iya. Shirin ya ɗauki mafi munin halin da ake samu ya mai da shi hanyar shahara, wasu ƙananan malamai suka kwaikwaya, wasu iyaye kuma suka ɗauka tsawa ce alamar iya aiki.

Illolin gaske ba sa kyau a kyamara, shi ya sa ba ki gan su ba. Akwai kuɗi. Shiga gasa da rawar mutum ɗaya ya haura dala 100, wani wurin ya kusa 200, ta ƙungiya kuma kowace yarinya dala 50 zuwa 80. Yarinya ɗaya tana iya shiga rawa shida ko takwas, kowace da kayanta, ga takalma, ga otal, ga kuɗin wanda ya tsara rawar. Iyali su kashe dubban daloli a shekara, kyautar da za a ci kuwa ko kuɗin shiga ba ta mayarwa. Akwai kuma jiki. Ƙashin yaro yana da wuraren girma masu taushi, maimaita tsalle na kawo ciwo a ƙasan gwiwa da diddige, yawan lanƙwasa baya kuma na iya tsaga ƙashin baya ta wajen ƙugu. Likitocin wasanni a nan suna ba da ma'auni mai sauƙi: awannin horo a mako kada su wuce shekarun yaro, kuma a huta kwana ɗaya ko biyu. 'Yar shekara 9 mai yin awa 20 ta ninka. Takalmin tsayuwa a kan yatsu na rawar bale ba a ba yarinya sai wajen shekara 11 ko 12, bayan an duba ƙarfin idon sawunta. Malamar da ke danne ƙafar yaro da ƙarfi don ta buɗe, a guje ta ko da murmushi take yi.

Maganar suturar da kika yi, ina tare da ke, kuma ba mu kaɗai ba. A 2012 shirin ya sa yara kayan da suka yi kama da tsiraici, Amurkawa da kansu suka yi ca, tashar ta janye wannan kashi daga maimaici. Yanzu kamfanonin gasa da yawa sun rubuta cewa za a rage maki ko a fitar da rawar da ba ta dace da shekarun yaro ba, sai dai aiwatarwa ta danganta da alƙalin ranar. Ki lura kuma da Nia, baƙar yarinya ɗaya tilo a rukunin farko, yadda aka yi ta ba ta rawar da ta shafi launin fata, mahaifiyarta tana ƙorafi, ƙorafin kuma ya zama abin kallo.

Ƙarshen labarin ba ya cikin bidiyon waya. A 2014 wata uwa da 'yarta sun kai ƙara kotu a kan yadda aka bi da su. Abby kuma, wadda ta shigar da takardar karayar arziki a 2010, an tuhume ta a 2015 da ɓoye kusan dala 755,000 na kuɗin da ta samu, ta amsa laifi a 2016, aka yanke mata shekara ɗaya da kwana ɗaya a gidan yari a 2017. Bayan ta fito aka gano tana da ciwon daji, yanzu a keken guragu take, Allah ya ba ta sauƙi. Kaɗan daga yaran, irin su Maddie Ziegler da JoJo Siwa, sun yi suna sun yi kuɗi. Ita Maddie ta fito fili ta ce yanayin wurin ya cutar da ita, kuma ba ta je taron tsofaffin 'yan shirin da aka nuna a 2024 ba. A shekarar ce kuma aka farfaɗo da shirin a Hulu, wani dandalin kallo na intanet, da wata malama a jihar Virginia. Ta fuskar doka, Kalifoniya tun 1939 take da dokar kare kuɗin yara 'yan fim, wadda yanzu ta wajabta ajiye musu kashi 15 cikin 100. Jiharmu ta Pennsylvania sai a 2012 ta gyara tata dokar ta haɗa da yaran irin waɗannan shirye-shirye.

Game da 'yan matanki, ni ba zan ce ki ƙwace waya ba, za su kalla a ta ƙawa. Abin da ke yawo a TikTok da YouTube ma an sake yanka shi ne daga abin da aka riga aka yanka, an tsinci faɗan kawai. Ki zauna da su ki kalli guda ɗaya, ki kashe sauti, ku ƙirga sau nawa hoto ya canza cikin minti guda, ku duba kaya da gashi. Sannan ki tambaye su wa ke riƙe da kyamara lokacin da yarinyar ke kuka a banɗaki, kuma me ya hana shi ajiye ta.

Maganin gwiwar Inna zan ba wani mai zuwa Kano ƙarshen wata ya taho da shi. Ki aiko mini da awon autarki, kafaɗa da tsawo, in ɗinka mata ta Sallah. Ki gaida Baba, da Alhaji, da su Gwaggo, da duk mutanen gida. Ku sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ƙanwarki