Gunkin mai kan giwa ba siffa ɗaya gare shi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Masu kallon finafinan Indiya sun saba ganin gunki mai kan giwa da ƙaton tumbi, wato Ganesha, ɗan Shiva da Parvati a addinin Hindu. Mutane da dama suna zaton siffarsa guda ce. Littafin Sritattvanidhi, da aka rubuta a Mysore ta ƙasar Indiya a ƙarni na 19, ya lissafa siffofi 32.

Wadda aka fi sani tana da hannu huɗu, haure ɗaya a karye, ga ɓera a gindinsa, abin hawansa. Yakan riƙe gatari, igiyar zarge, ƙugiyar kora giwa, da modak, wani ƙullin garin shinkafa da ake cusa wa kwakwa da mazarƙwaila. Amma a siffar da ake kira Heramba, kai biyar gare shi, kuma zaki yake hawa. Akwai siffar yaro, akwai mai rawa.

A lura da hancin. Galibi hagu yake karkata, kuma irinsa ake ajiyewa a gida. Mai karkata dama, kamar na haikalin Siddhivinayak a Mumbai, mabiya Hindu suna ganin hidimarsa tana da tsauraran ƙa'idoji.

Abin damuwa shi ne bikin Ganesh Chaturthi na kwana goma, wanda ake rufewa da nutsar da gumakan a ruwa. Na yumɓu yana narkewa. Na filasta kuwa yana daɗewa bai narke ba, fentinsa mai dalma yana gurɓata tafkuna, kifaye suna mutuwa.

Naku,
Mai karatu daga Kano