Zuwa ga Yaya a Agege, kan sanyin Kanada

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Inna da yara, da fatan an tashi lafiya.

Tunda yaronka zai iso karatu a watan Janairu, ka zaunar da shi ya ji wannan. Wanda ya tashi a Legas ko hunturun Kano bai sani ba, balle na nan Manitoba, inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. In da iska, fatar da ba a rufe ba tana daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adarmu ta murza hannu da jin ɗumin gawayi. Yatsan da ya daskare fari yake yi, ya yi tauri, ba ya jin taɓi. Murza shi na yaga naman ciki, wuta kuma ta ƙona shi mai shi bai sani ba. A asibiti ruwan ɗumi na digiri 37 zuwa 39 ake tsoma shi, kamar rabin awa, har ya yi laushi. Zafin dawowar jinin ba kaɗan ba ne, sai da allurar kashe zafi mai ƙarfi. Ana yin allurar tetanus, bororo mai jini kuma ba a fasa shi. Akwai maganin narkar da gudan jini da ke ceton yatsu, amma sai an kai mutum cikin awa 24. Yankewa ba a gaggawarta, ana jira makonni a ga iyakar naman da ya mutu. Kada a narkar da ƙafa in za ta sake daskarewa a hanya, ɓarnar ta fi ta farko.

In sanyin ya ratsa jiki duka, daga 37 ɗumin ya sauka ƙasa da 28, makyarkyata ta tsaya, mutum ya suma. A nan ko jijjiga shi na iya birkita bugun zuciya, shi ya sa ake ɗaga shi a kwance, a yanke jiƙaƙƙun kaya da almakashi. Sai bargo mai hura iskar ɗumi da ƙarin ruwa mai digiri 40. In zuciya ta tsaya, a haɗa shi da na'urar da ke fitar da jini ta ɗumama ta mayar. Likitoci ba sa cewa ya rasu sai jikin ya yi ɗumi tukuna.

Kada ku saya masa takalmi ko safar hannu a can, zan kai shi ya gwada a nan. Allah ya kawo shi lafiya.

Ƙanwarka.