Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kafin Tafiyarsa Rotterdam

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina, kamar yadda muke nan lafiya ƙalau. Mahaifiyarka ta shaida mini cewa biza ta fito, har kun tsayar da makon farko na watan Agusta don tafiya Rotterdam ta ƙasar Holan wurin baffanka. Na yi murna ƙwarai, amma na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ka, domin takarda ce za ka iya miƙa wa matarka ita ma ta karanta.

Da farko ina so ka san wanda za ka sauka a gidansa. Kakana da kakansa wa da ƙane ne, kuma a gidan kakan nasa aka yaye mahaifina. A wurinmu wannan jini ne na kusa, amma a lissafin mutanen Holan ba dangantaka ba ce da za ta sa a ba mutum ɗaki har kwana goma sha biyu, shi da mata da 'ya'ya uku. Duk da haka shi ne ya taka har ofishin hukumar gari ya sa hannu a takardar da ta nuna a gidansa za ku zauna. Saboda haka ranar da tikitinku ya ce ku dawo, ku dawo. Idan wani daga cikin samarin da za ka haɗu da su ya fara yi maka huɗubar ka laɓe ka nemi aiki, ka tuna sunan wa ke kan takardar.

Na je gidan nan a shekarar 2011, lokacin jirgin KLM yana tashi daga Kano, kafin ya daina a 2012. Kwana huɗu na farko baffanka yana fita da ni tun da hantsi, yana nuna mini gari, ni kuwa ina ta jin daɗi, ina tsammanin hutu ya ɗauka. A rana ta biyar muka shiga jirgin ruwa na haya za mu ƙauyen Kinderdijk da ke kusa da Rotterdam, ina tsakar ba shi labarin gida sai na ji shiru, da na waiga sai na ga kansa ya jingina da gilashin taga, bakinsa a buɗe, hularsa ta faɗo kan cinyarsa. Daren nan matarsa ta gaya mini, cikin Hausarta ta Zangon Kumasi, cewa aikin dare yake yi a tashar jiragen ruwa, yana dawowa da asuba ya yi wanka ya canza riga ya jira in tashi. Kunyar da na ji a lokacin har yau ba ta sake ni ba. Shi ba zai taɓa gaya maka ba, domin har yanzu kunyarmu ce a jikinsa, don haka kai za ka tambaya tun a daren farko: yaushe yake aiki, yaushe yake barci, wace rana ce tasa. Sauran ranakun ka ɗauki iyalinka ku fita da kanku, ai kana da ido kana da waya.

A bangon kicin ɗinsu za ka ga kalanda cike da rubutu, kuma da ita gidan yake tafiya. A can ba a faɗa wa mutum gida haka kawai don an zo wucewa, sai an sa rana da lokaci, kuma ƙarfe uku tana nufin ƙarfe uku. Da wuri suke cin abincin dare, wajen ƙarfe shida, rana tana sama. Gidan ƙarami ne, matakalarsa a tsaye take kamar tsani, bango ɗaya kuma ya raba su da maƙwabta, saboda haka ka ja wa yara kunne game da guje-guje da dare. Ka shiga kasuwa ka sayo cefane da kuɗinka ba tare da ka yi shela ba, matarka kuma ta shiga kicin ta kama aiki, domin babu 'yar aiki a gidan. Kai ma idan ka wanke kofin da ka sha shayi, rawaninka ba zai faɗi ba.

'Ya'yansa a can aka haife su. Hausarsu gutsure-gutsure ce, suna kallon babba ido cikin ido, kuma idan ka tambaye su ko suna son abu suna iya ce maka a'a kai tsaye. Wannan tarbiyyar ƙasar ce, ba raini ba ne. Kada ka yi musu dariya idan sun karya harshe, kada kuma ka ce wa ubansu ya yi sakaci, don ba ka san irin faman da ya sha ba kafin su riƙe sallah da gaisuwa. Ka bar yaranka su koya musu langa da tatsuniya, su kuma su koya wa naka hawan keke. In ban da wannan cuɗanya ta yara, da kuɗin jirgin nan bai cancanci kashewa ba, tunda mu tsofaffi mun kusa barin fagen, su ne za su san juna ko su manta.

Batun tsaraba, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara, don haka ka bar kilishi da dambun nama da man shanu a gida, komai nacin mahaifiyarka. Ni kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji na kai musu, kuma na ga yadda matar gidan ta buɗe ƙullin daddawar ta daɗe tana shinshinawa.

Shi garin kansa kada ka kalle shi kamar yadda ake kallon hoto. Za ka lura tsakiyarsa sababbin gine-gine ne, ba kamar Amsterdam ba, dalili kuwa shi ne jiragen yaƙin Jamus sun yi masa ruwan bama-bamai ranar 14 ga Mayu, 1940, mutane wajen dubu 80 suka rasa matsuguni. Akwai mutum-mutumin tagulla da aka kafa a 1953, na wani mutum ya ɗaga hannuwa sama, ƙirjinsa a huje babu zuciya. Ka tsaya da yara a nan ka ba su labarin kafin ka kai su gidajen nan masu siffar akwati da aka jirkita, da kasuwar Markthal da aka buɗe a 2014, wadda ni ban gan ta ba sai a hoto. Ku taka gadar Erasmus da ƙafa, ku hau hasumiyar Euromast mai tsawon mita 185 idan gari ya yi garau, in kuwa akwai hazo kada ka ɓata kuɗinka. Unguwar Delfshaven ta tsira daga harin na 1940, a can za ka ga kamannin garin na da.

Amma in da rana ɗaya kawai gare ka, Kinderdijk zan ce ka je. Injinan iska 19 ne a jere, an gina su wajen 1740 don su kwashe ruwa daga ƙasa su zuba a kogi, saboda wajen kashi ɗaya cikin huɗu na Holan yana ƙasa da teku. Ambaliyar 1953 ta kashe musu mutum fiye da 1,800, suka zauna suka yi shekaru suna gina madatsu da ƙofofin tare teku. Ka nuna wa babban yaronka wannan da kyau, tunda yana cewa injiniya zai zama.

Ka kiyayi jar hanya da ke gefen titi, ta masu keke ce. Na taɓa tsayawa a kanta ina gyara hula, wata tsohuwa da ta girme ni ta kaɗa mini ƙararrawa ta balbale ni da faɗa ba tare da ta rage gudu ba. Shagon da aka rubuta wa “coffeeshop” ba wurin shan kofi ba ne, wiwi ake sayarwa a ciki. Kalmar “varken” kuma alade take nufi, ka riƙa dubawa a jikin kayan abinci, nama kuwa ka saya wurin mahautan Turkawa da 'yan Maroko. A farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, don haka ka karɓi jadawalin sallah daga baffanka, kada ka dogara da agogon jikinka. Juma'a ka bi shi inda ya saba zuwa, ko da kana marmarin ganin babban masallacin Essalam da aka buɗe a 2010, domin zai so ya nuna wa jama'arsa cewa shi ma yana da dangi.

Na ba mahaifiyarka ambulan, a ciki akwai tsohon hoton gidan kakansa kafin a rushe zauren. Ka miƙa masa hannu da hannu, lokacin da kuke ku biyu. Ita kuma ta ce in tuna maka da atamfarta 'yar Holan, turmi biyu, kada a sayo mai launin ja. Ka gaishe mini da baffanka da iyalinsa, ka kira ni da zarar kun sauka.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.

Ni ne,
Mahaifinka.