Rahoton ayyukan shekarar 2024 zuwa ga mambobin ƙungiya, Tawa

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne, maza da mata.

Da maganar kuɗin wata zan fara, domin duk abin da ke cikin rahoton nan a kanta ya rataya. Waɗanda suka biya cikakke a bana ba su kai rabinmu ba. Wasu sun biya na farkon shekara suka yi shiru, wasu kuwa tun ranar da suka amshi katin mamba ba mu sake ganin ko dala tasu ba. Ni da ma'aji mun bi shago shago, mun kira a waya, mun tura saƙo a WhatsApp, amsar dai guda ce: "A bari a saida albasa." An saida albasa, kaka ta zo an saida wake, asusu yana nan yadda yake. Littafin kuɗi yana hannun ma'aji, ƙofarsa a buɗe take ga duk mai son dubawa.

Tarukan wata an yi su kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Abin da ya faranta mana rai a bana shi ne taron fahimtar dokar zuba jari da muka shirya bayan Babbar Salla. Wanda bai zo ba ya yi asara. Kujerun da muka aro ba su isa ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa. Masu albasa sun zo daga Galmi da Madawa, majema da dukawa sun zo, mata masu man gyaɗa da ƙuliƙuli sun cika gefe guda, har daga Ƙwanni da Badagishiri an samu baƙi. Wani dattijo ɗan garin nan da ya yi ritaya daga aikin lanho shi ya yi mana bayani, da Hausa tsantsa, kuma ko kuɗin mai bai yarda ya amsa ba. Allah ya saka masa da alheri.

Ya warware mana dokar 16 ga Afrilu 2014, wadda ta maye gurbin ta 1989. Matakinta na ƙasa yana neman jarin sefa miliyan 25 zuwa sama, da ɗaukar 'yan ƙasa aƙalla 5 aiki na dindindin. Wanda ya cika sharaɗin, gwamnati ta ba shi takardar yarda, to injuna da kayan kafa masana'anta za su shigo ba tare da yawancin kuɗin duwan ba, ban da 'yan ƙananan da ba a yafewa, kuma ba zai biya TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, a kansu ba. In ya fara aiki, a ɗauke masa wasu haraji, har da fatanti, na 'yan shekaru. Ya kuma ja kunnenmu: mai saye ya saida kawai ba ya ciki. Dokar ta mai sarrafawa ce, wanda zai mai da gyaɗa mai, ya mai da fata takalmi, ya ɗauki 'ya'yan mutane aiki ya yi musu rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata.

Ana cikin haka wata Hajiya daga cikin iyayenmu mata ta kwance bakin mayafinta, ta fiddo takardar duwan a naɗe cikin leda, ta injin matsar gyaɗa da ta shigo da shi. Malam ya sa gilashi, ya bi layi layi da yatsa, ya nuna mata inda aka ɗora 19 cikin ɗari na TVA a kan kuɗin injin da na duwan a haɗe. Ta ce, "To Malam, yanzu ana iya maido mini?" Ya ce, "A'a Hajiya, takardar yarda ake fara samu kafin kaya su iso. Kuma injinki shi kaɗai bai kai miliyan 25 ba." Nan aka shiga muhawara har aka kira la'asar ba wanda ya tashi. Ni a wurina wannan amsa ita ce ribar taron. Babu ɗayanmu da zai kai wannan jari shi kaɗai. Manyan kamfanoni irin na siminti a Malbaza suna da lauyoyi da masu lissafi da ke bin irin waɗannan takardu. Mu kuwa ko dai mu haɗa jari mu zama kamfani guda mai rajista, ko mu ci gaba da biyan kowane tamma a duwan. Sharaɗin ɗaukar ma'aikata kuma ban ga laifinsa ba: gwamnati ta bar kuɗinta ne don samarinmu su samu aiki a gida, su rage tafiya cin rani.

Yanzu sai maganar injin busar da albasa na haɗin gwiwa, wanda aka ɗora wa biron ƙungiya a babban taron bara. Bai tabbata ba, kuma mun ji abin da ake faɗa a bayan ido. Ba wanda ya ci kuɗin kowa, don babu kuɗin da za a ci. Kafin a ajiye dosiyen neman takardar yarda sai an yi rajistar kasuwanci, an samu lambar NIF ta mai biyan haraji, an kuma rubuta nazarin aikin: nawa za a kashe, nawa za a samu, mutum nawa za a ɗauka. Mai lissafin da muka samu ya rage mana farashi sosai, amma rabin da ya nema kafin ya fara ma asusu bai iya biya ba. Ga kuma abin da ya fi ƙarfinmu. Tun ƙarshen Yulin 2023 hanyar Benin take rufe, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, don haka farashin injin da aka ba mu tun farko ya tashi daga aiki. Wuta ma kun san halin da aka shiga lokacin da Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023. Injin busarwa ba ya jure ɗauke wuta, dole sai an ƙara lissafin faranti na hasken rana, wannan kuma sabon nazari ne. Yafe haraji ba ya kawo wuta, ba ya rage kuɗin mota.

Duk da haka, da kowa ya biya nasa, da nazarin ya kammala tun kafin damina. Abin da ke ƙona mini rai, waɗanda suka fi ɗaga murya ran taro suna cewa a gaggauta, da yawansu sunansu na cikin masu bashi. Albasar Galmi da duniya ta sani tana ruɓewa a rudu kowace shekara, ko a saida ta a wulaƙance lokacin da kasuwa ta cika, mu kuma muna tsaye kan kuɗin da bai kai na shayin mako guda ba. Aikin biro sa kai ne, mu ma muna da shaguna da iyali.

Ziyarar majema da aka tsara ba a yi ta ba, saboda kuɗin mota. Tana nan a jerin na baɗi.

Biro zai kawo shawara biyu gaban babban taro. Ta farko, wanda bashinsa ya haura wata shida ba zai yi ƙuri'a ba, kuma sunansa ba zai shiga cikin masu hannun jari a kamfanin ba sai ya biya. Ta biyu, kuɗin da aka fara tarawa a miƙa su kai tsaye ga mai lissafi. Malam ya yi alkawarin duba dosiyen kyauta kafin a kai shi Yamai. Kowa ya zo da katinsa da kuɗinsa, ma'aji zai zauna a bakin ƙofa da littafi tun kafin a buɗe taro da addu'a.

Wassalam,
Magatakardan ƙungiya