Wasiƙa zuwa ga aminina a kan bawul mai rage ƙarfin ruwa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka game da bututun gidanka da ke bugawa idan an rufe famfo, da kuma famfunan da ke ɗiga cikin dare. Ka ce kana shirin sayen sabon bawul, to ina roƙonka ka dakata har sai ka auna.

Ka ɗaura ma'aunin ƙarfin ruwa a famfon da ruwa ke isa gare shi bayan ya ratsa bawul ɗin, ka rufe sauran famfunan duka, ka duba allurar. Yawancin waɗannan bawuloli ana saita su a kan kimanin bar 3 zuwa 3.5, kuma idan ƙarfin ya haura bar 5.5, wato psi 80 (bar da psi awo ne na ƙarfin ruwa), ya yi wa bututun gida yawa. Kada ka tsaya a karatun farko, ka bar ma'aunin ya kwana, domin a nan ne gaskiyar take fitowa. Idan allurar tana hawa sannu a hankali alhali babu mai ɗibar ruwa, galibi yashi ne ya maƙale a mazaunin bawul ɗin, ko robar da ke toshe shi ta cinye, har ruwa yana silalewa. Amma idan ba ta hawa sai lokacin da hita mai ɗumama ruwa ke aiki, to bawul ɗin ba shi da laifi: ruwa ne ya yi zafi ya kumbura, ya rasa hanyar komawa baya, kuma maganinsa ƙaramin tanki ne mai iska a ciki da ake ɗaurawa kusa da hitar. Ni kaina na taɓa cire lafiyayyen bawul saboda wannan ruɗani.

Idan kuwa ruwan yana da ƙarfi a tsaye amma ya mutu da zarar an buɗe famfo biyu, ka rufe babban layi ka wanke matatar da ke cikin bawul ɗin. Ruwan da ke tsattsafowa daga murfin sifirin bawul ɗin alama ce faifan roban da ke cikinsa ya yage.

Wajen saiti, ka sassauta notin da ke riƙe sukurun saitin bawul ɗin, ka juya sukurun zuwa dama don ƙarawa ko hagu don ragewa, kaɗan-kaɗan, kana buɗe famfo kana sake dubawa. Ka rubuto mini lambar da ka gani da dare da wadda ka tarar da asuba.

Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka,
Amininka