Wasiƙa zuwa ga aminina a Damagaram

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya ƙarfin jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan Kano lafiya lau sai zafi. Saƙonka ya iso, na ga kana ƙorafi wai kalmomin Turancin duk ka san su amma da zarar ƴan fim sun haɗa su sai ka rasa inda aka dosa, har kana cewa ko kanka ne ba ya ja. Haba dai, kai da ka yi bokonka da Faransanci kuma ka zo ka kama Turanci da girmanka, wallahi abin a yaba maka ne, kar ka karaya.

Abin da ke faruwa shi ne kai ƙamus ka riƙe, su kuma mutanen nan daga rayuwarsu suke ciro magana. Amurkawa maganganunsu da yawa daga wasan besbol, na dukan ƙwallo da sanda, suka fito, wasan da ni da kai ko filinsa ba mu taɓa takawa ba. Wannan rain check da ka tambaya daga can ne, in ruwan sama ya tashi wasa sai a ba ɗan kallo wani tikiti ya dawo wata rana ba sai ya sake biya ba, to shi ya sa in aka gayyaci mutum cin abinci a fim ya ce zai karɓi rain check, nufinsa yau ba hali amma a ajiye masa gayyatar. Ballpark figure ma daga can ne, wato ƙiyasi, touch base kuma a tuntuɓi juna.

Na kotu da ƴan sanda sun fi burge ni gaskiya. In ka ji wani ya ce I plead the Fifth, gyara na biyar na tsarin mulkin Amurka yake nufi, wanda aka amince da shi tun 1791, ya ba mutum damar ƙin faɗin abin da zai ɗaure shi da bakinsa. Amma sai ka ga mata ta tambayi mijinta wa ya cinye naman da ke firij, shi kuma ya faɗi haka yana murmushi, ka ga sun sauko da maganar kotu har cikin kicin. Karatun nan ma da ɗan sanda ke yi wa wanda ya kama, cewa yana da damar yin shiru da neman lauya, daga wata shari'a ya samo asali, ta wani mutum mai suna Miranda da jihar Arizona a 1966.

Amma waɗanda suka fi wahalarwa su ne masu kalmomin ƴan firamare, don ba za ka ma yi zaton akwai wani abu a ƙasa ba. Wani ya ce aiki ya yi masa yawa, abokinsa ya girgiza kai ya ce tell me about it, ba labari yake nema ba, cewa yake ai ni ma haka nake fama. A miƙo wa mutum shayi ya ɗaga hannu ya ce I'm good, ya ƙoshi kenan. Get out of here in da zare ido da dariya aka faɗa mamaki ne, kamar mu ce kai don Allah!, in kuwa fuska a murtuke take to kora ce. Break a leg fatan alheri ne ga mai shirin hawa dandamali, ƴan wasan kwaikwayo suna da camfin cewa yi wa mutum fatan sa'a kai tsaye na jawo akasi. Ƴan Ingila kuma in sun ce you alright gaisuwa ce kawai, ba wai sun ga ka rame ba. Mu ma fa haka muke, ka ce wa baƙo wane ya sha kunu, ai kofi zai fara nema.

Don haka ka rage tsayar da fim kowane minti kana duba waya. Kalli fuskar mai magana da ta wanda aka faɗa wa, ka ga me ya biyo baya, ka kunna rubutun ƙasan allo na Turanci, kar ka sa na Faransanci don shi ma'anar kawai zai ba ka ya ɓoye maka yadda aka faɗa. In magana ta maimaitu sai ka rubuta ta da yanayin da aka yi ta, ka bincika daga baya.

Abu ɗaya nake roƙonka, ba duk abin da ka ji za ka ɗauka ka yi amfani da shi ba. Kick the bucket mutuwa ce amma cikin raha, ka kai ta wurin ta'aziyya ka ɓata da mutane, kuma fina-finan nan cike suke da ashar da ba za ka so ka furta gaban malaminka ba.

Turo min sauran da ka tara a littafin naka mu bi su ɗaya bayan ɗaya. A gaida Inna da amarya da yara, sai na ji daga gare ka.

Naka,
amininka na Kano